Zufar Famfo

Da sunan Allah nake fara wannan tuni, Shi nake roƙo Ya tsare alƙalamina daga ƙara gishiri.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, lokacin da Dakoro ba ta wuce gidan kumandan, wato Baturen mulki, da kasuwa da ƴan unguwanni ba, ruwa shi ne babban zancenmu. Rijiyoyinmu masu zurfi ne ƙwarai. Sa ne ke jan guga, kuma kafin gugan ya iso baki, san ya yi nisan da sai an ɗaga murya mai korarsa zai ji an ce ya juyo. Wanda ya tashi a nan ba ya watsar da ruwan da ya ɗauraye ƙwarya, sai ya nemi akuya ya ba ta.

Ana nan sai Nasara suka huda wata rijiya mai ƙaramin baki a bayan gari, suka kafa mata famfo. Wani dogon sandan ƙarfe ne ya sauka cikin bututu har ƙasan ruwa. Inji yana juya shi daga sama da bel, shi kuma yana tunkuɗo ruwa da ƙarfi, ya hau tiyo, ya zuba cikin wani tanki da ke tsaye kan ƙafafun ƙarfe, daga nan ya gangara kwamin dabbobi. Ranar da aka fara tayar da injin rabin gari ya matso kallo, sauran rabin ya tsaya daga nesa don ya ga abin da zai sami na farko.

Mai kula da famfon wani makanise ne mutumin bakin teku, gajere, mai yawan dariya, Hausarsa a kakkarye. Shef muke ce masa. Ni a lokacin na yi sauka, na yi aure, ina zama gindin wata bagaruwa a kasuwa ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Wata rana ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallon alƙalami na tafiya daga dama zuwa hagu, sannan ya ce, "Malam, kai kana rubutu. Zo ka yi aiki. Abin da na faɗi, ka rubuta. Ni ba ni son faɗi sau biyu." Haka na zama mataimakinsa.

Ya koya mini zuba gazuwal, wato man inji, da shafa giris da ɗaure bel. Amma abin da ya fi tsaya mini a kai shi ne wurin da sandan ya fito daga kan famfo, wani gurbi kamar bakin ƙaramin turmi, wanda muke kira wuya. Ruwan da ke ciki a matse yake, kowace kafa yake nema ya fita, sandan kuwa dole ya yi ta juyawa. To yaya za a toshe ƙofar da abu ke juyawa a cikinta? Dabarar ita ce igiya. Ana yanka wata kitsattsiyar igiya mai maiƙo, a naɗe ta zobe-zobe a jikin sandan, a cusa cikin gurbin, a ɗora faifan ƙarfe a danne da kusoshi biyu masu murɗawa. Daga baya na ga famfunan da babu igiya a wuyansu, sai zobba biyu masu santsi suna gugar juna, da siririn tiyo mai kai musu ruwa don su huce. Mu dai namu na igiya ne.

Duk da igiyar, wuyan yana ɗiga. Ɗis, sai a jima, ɗis. Ɗigon ya bi jikin famfo ya sauka kan siminti, ya gangara cikin rairayi. Ranar farko na nuna wa Shef, ina ganin na gano ɓarna. Ya kama hannuna ya ɗora bayansa a kan wuyan.

"Da zafi?"

"Ɗumi-ɗumi dai."

"Yawwa. Shi wanga, dole shi yi kuka. Ruwa shi shiga tsakanin igiya da ƙarfe, shi sanyaya. Babu kuka, akwai wuta."

Shi da agogo yake auna ɗigon. Ni ba ni da agogo, sai na auna da tasbaha. Idan na ja ƙwaya ɗaya a natse ɗigo ɗaya ya sauko, lafiya lau. Idan ɗigo ya riƙa riga ni, wuya ya yi sako-sako. Idan na ja uku bai sauko ba, ya yi tsauri. Na sami gawayi na rubuta ƙa'idar da ajami a bangon ɗakin inji ta waje, manyan baƙaƙe, wurin da inuwa ke sauka da hantsi.

Bazarar da ta biyo bayan aurena, rijiyar ƙauyen surukina, can wajen Bader Gula, ta rufta. Ya koro shanunsa ya taho Dakoro, ya sauka gidan wani ɗan'uwansa. Ba shi kaɗai ba ne, garkuna da yawa sun taru a kan famfon a wannan shekara, har rijiyoyin gari ba za su iya ɗaukar ko rabinsu ba.

Surukina mutumin arewa ne can bakin hamada, fari ne ya koro iyayensa kudu yana saurayi. Ya san ƙishirwa irin wadda ake binne raƙumi saboda ita. Dogo ne, marar yawan magana, sana'arsa bayan kiwo tufkar igiya. Ko alwala zai yi, sai ya tsuguna a gindin duma ko wata shuka don ruwan ya yi aiki biyu. A wurinmu kuwa suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kiran sunansa, balle a ce masa a'a. In na hango shi tafe, tun daga nesa nake tuɓe takalma.

A cikin wannan hali Shef ya ce zai bi kamiyo, wato babbar motar kaya, zuwa Maradi ɗauko kayan inji, zai yi kwana bakwai ko fiye. Ya miƙo mini kile, wato ƙarfen murɗa kusa, wanda bai taɓa barin kowa ya riƙe ba.

"Malam, igiya ta ƙare. Wadda ke ciki ita ce ta ƙarshe. In ka ƙone ta, shanu babu ruwa. Kai kuma ka koma gindin bagaruwa."

Na ce in Allah Ya yarda zai tarar da amanarsa yadda ya bar ta.

Kashegari da hantsi surukina ya kawo shanunsa. Da suka sha, bai tafi ba. Ya shimfiɗa buzunsa a inuwar ɗakin inji, ya jingina da bango, daidai ƙarƙashin rubutuna, rawaninsa har yana goge wasalin ƙasa. Daga nan ta ƙofa yana hangen wuyan famfo. Ban ga ya kalli inji ba, ban ga ya kalli tanki ba. Ɗigon nan kawai yake bi da ido, daga wuya har rairayi.

Rana ta biyu ya yi gyaran murya. Na zo na durƙusa.

"Malam, abin naku shina yoyo."

"Haka ne, Baba."

"Tun jiya."

"Haka ne, Baba."

Aka bar maganar a nan. Da na koma gida cin tuwo na roƙi mai ɗakina ta je ta yi masa bayani, tunda ita ɗiyarsa ce. Ta ajiye ludayi ta dube ni tana dariya.

"Ni in je in ce wa Baba a bar ruwa shi zuba ƙasa? Ni da na taɓa kifar da rabin tulu ina ƙarama, har yau in ya gan ni da tulu sai ya ce in riƙe da hannu biyu? Malam, kai da surukinka, ku ƙarata."

Har yau ina mamakin yadda bai faɗo mini a rai in tara ƙwarya a ƙarƙashin ɗigon ba. Shef ya hana a ajiye kome kusa da bel, ni kuma na riƙe hanin fiye da yadda ya nufa.

Rana ta uku, bayan shanunsa sun sha, ya sake kirana.

"Malam, kai ka yi karatu. A cikin littattafan naku an halatta a bar ruwa shina zuba a banza, dabbobi na layi?"

"Ba a halatta ba, Baba."

"To ɗauko ƙarfen nan."

Da hukuncin bakina ya ɗaure ni. Amsar tana rubuce a bisa kansa, tazarar ɗani ɗaya, amma shi ba ya karatu, ni kuma kunyar suruki ta hana ni karanta masa. Na ɗauko kile ina cewa a zuciyata zan ɗan taɓa kusoshin ne kawai don ya ga na motsa. Na murɗa kaɗan. Ɗigon ya rage.

"Saura," in ji shi.

Na ƙara. Ya ce saura. Na ƙara har wuyan ya bushe ƙaƙas. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya koma ya jingina da bango cikin jin daɗi. Ni kuwa na tsaya ina jan tasbaha, ƙwaya goma, ashirin, babu ɗigo ko ɗaya. Na ƙudura cewa da zarar ya tashi zan sassauta. Bai tashi ba.

Ba a yi tsawon shan fura ba sai na ji wari kamar tsumma ya faɗa murhu. Na kai bayan hannuna wuyan, na janye da sauri. Wani siririn hayaƙi yana fita ta gefen faifan. Na kashe inji. Da na tofa yawu a kan ƙarfen sai ya yi cuu ya ƙafe.

Na bari ya huce, na sassauta kusoshin, na sake tayarwa da bismillah. Igiyar ta riga ta zama gawayi. Ruwan da aka hana ɗiga ya fito yana feshi ta kowane gefe, ya jiƙa bel har ya fara sulɓewa, ya tsallaka ƙofa ya sami surukina a inda yake zaune, ya jiƙa masa riga sharkaf. Na sake kashewa. Shirun da ya biyo baya, kukan shanu kawai ake ji a cikinsa. Na hau tsani na leƙa tanki, abin da ke ciki ba zai kai azahar ɗin gobe ba. Makiyaya suka fara matsowa suna tambaya, ni kuma ina tsaye da kile a hannu kamar wanda aka kama da wuƙa a gefen akuyar mutane.

Allah da ikonSa, a daidai lokacin wani tsoho daga Rumbu ya iso kan jaki, da salkar ruwa rataye a ƙarƙashin cikin jakin. Taubashin surukina ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. A duk ƙasar nan shi kaɗai ke iya gaya wa surukina abin da ya ga dama, al'ada ta ba shi. Ya sauko, ya dubi inji, ya dubi taron.

"Wa ya kashe wa Nasara raƙuminsu?"

Sai idonsa ya sauka kan jiƙaƙƙiyar rigar surukina.

"Af, ashe bawana ne. Kai tsoho, wanka ka zo yi gaban surukinka? Mi ka taɓa?"

"Yoyo na sa aka toshe," in ji surukina, yana matse hannun riga a cikin tafinsa don kada ruwan ya zuba ƙasa.

Taubashin ya ɗaga kai ya ga baƙaƙen da ke bango. Shi ma ba ya karatu, amma ya san rubutu ba ya hawa bango a banza.

"Malam, mi aka rubuta nan bisa kan wanga tsoho? Karanta muna. Karatu ba rashin kunya ba ne."

Na sunkuyar da kai na karanta: "Wuya ya riƙa ɗiga. Kada a matse shi. In ya bushe zai ƙone."

Makiyaya suka kwashe da dariya, taubashin har da riƙe wuyan jaki.

"Kwana nawa kana zaune ƙarƙashinsa?"

"Nasara ba su san ƙishirwa ba," in ji surukina. "Ƙasarsu ruwa ke kore su daga gida."

Taubashin bai yi musu ba. Ya kwance salkarsa ya kawo ya ajiye masa a cinya.

"Taɓa. A jiƙe take ko a bushe?"

"A jiƙe."

"Sha."

Ya sha.

"Da sanyi?"

Surukina ya ƙara kurɓa. Taubashin ya ci gaba.

"Ka tuna shekarar da muka tafi arewa ɗaukar gishiri, ka ga salkarmu na zufa, ka ce ɓarna ce, ka bi ta ka shafe da kitse ciki da waje? Kwana huɗu muna shan ruwa kamar romo. Jama'a, wanga mutum tun yana saurayi yake gaba da zufa. Salka ya fara hanawa, yau ya kai ga ƙarfe. Gobe mu zai hana."

Aka sake dariya. Surukina ya daɗe yana shafa jikin salkar da yatsa, yana duba danshin da ke fitowa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, ciro mini igiyar da ta ƙone in gani."

Na zaƙulo zobban da ƙugiyar waya. Na sama sun zama toka, na can ƙasa ɗaya ya rage da sauran kamanni. Ya karɓa, ya warware shi a hankali a tafin hannu, ya sansana, ya murza.

"Auduga ce," ya ce. "Kitson kusurwa huɗu, irin na akalar raƙumi. Sai maiƙo. Wannan ce ake tafiya Maradi dominta?"

Ya aike ni gida in karɓo zare. Mai ɗakina tana da wanda ta kaɗa da hannunta tun kaka, tana tarawa don a saƙa mata zane. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ce, "Wato ku biyu kun ƙone ta Nasara, yanzu zanena za ku ci." Ta miƙo duka. Taubashin ya tafi wurin mahauta ya dawo da kitsen sa. Surukina ya ɗaure bakin zaren a babban yatsan ƙafarsa ya fara kitso. Ban taɓa ganin hannu na tafiya haka ba. Yana yi yana gwada kaurin da ƙonannen zoben, ya warware sau biyu don bai gamsu ba, taubashin na gefe yana cewa a yi sannu kada ya kitsa gemunsa a ciki.

Ni kuma na koma kan sandan. Wutar ta bar masa shuɗin tabo, amma Allah Ya rufa asiri bai ci rami ba. Na goge shi da toka da tsumma har ya yi santsi. Aka narka kitsen a kasko, na zuba baƙin giris na Shef a ciki, muka tsoma igiyar ta sha har ta ƙoshi. Na yanka ta zobe-zobe da aska, na cusa ɗaya bayan ɗaya, ina kauda mahaɗin kowane daga na ƙasansa kamar yadda aka koya mini. Na ɗora faifan, na murɗa kusoshin da yatsu kawai.

Muka yi sallar la'asar a nan gefen kwami. Ban taɓa tsawaita sujada irin ta ranar ba. Da aka sallame na tayar da inji.

Da farko ruwan ya zubo kamar bakin buta. Na murɗa kusar dama kaɗan, ta hagu kaɗan, na jira. Ya koma tsiyaya. Na ƙara, na jira. Surukina ya taso ya tsaya a bayana, abin da bai taɓa yi ba, ina jin numfashinsa. Tsiyayar ta tsinke ta zama ɗigo. Na ciro tasbaha na fara ja. Ɗigon yana ɗan riga ni, na kai kile zan ƙara.

"Ya isa," in ji shi. "Bar shi shi yi zufarsa."

Ya miƙa bayan hannunsa ya taɓa wuyan, kamar mai duba zazzaɓin jika. A sama muka ji ruwa ya fara faɗawa cikin tanki. Makiyaya suka koma wurin dabbobinsu suna hamdala.

Shi kuwa ya fita ya dawo da karan dawa. Ya tsaga shi biyu, ya ƙwaƙule cikin, ya kafa bakinsa inda ɗigon ke sauka, nesa da bel, ya ajiye butarsa a ɗaya bakin. Kafin magariba ta cika. Da ita ya yi alwala, a gindin wata ƴar aduwa da ke bayan ɗakin.

Shef ya dawo ranar da ya cika kwana tara. Tun daga ƙofa ya tsaya yana buɗa hanci.

"Wa ke gasa nama cikin injina?"

Na gaya masa gaskiya, cewa na matse wuya da hannuna har igiyarsa ta ƙone. Ban ambaci kowa ba. Sai muka ji murya daga inuwar bango.

"Hannunsa ne, amma bakina ne."

Shef ya leƙa ya ga tsohon a kan buzu. Ya dawo ya ɗora bayan hannu a wuyan famfo, ya ciro agogo ya auna ɗigon, ya bi karan dawa da ido har cikin buta. Na nuna masa guntun igiyar da ya rage. Ya juya shi, ya ja, ya cije shi da haƙori, sannan ya fashe da dariya har cikinsa na rawa.

"Baba, kai ka yi wanga? Ni na tafi Maradi, kwana tara, ƙura, kamiyo ya lalace sau biyu. Igiya tana nan zaune gindin bango."

Ya roƙi a kitsa masa kamu goma ya ajiye. Surukina ya ce sai dai a nemo wani zaren, na ɗiyarsa ya ƙare.

Daga nan Shef ya miƙo hannu, na ɗora masa kile. Ya riƙe shi yana kallona, na ɗauka gindin bagaruwa ya kira ni. Sai ya kama aljihun rigata ya zura shi ciki.

"Riƙe. Amma ka yi shinge. Dubi can."

Na waiwaya. Karnuka uku ne zaune a bakin ƙofa, ƙamshin kitse ya kawo su, suna jiran a kashe inji su lashi wuyan famfo. Washegari ni da surukina muka saro ƙaya muka kewaye ɗakin, shi yana jan reshe ta can, ni ta nan, ba mu haɗa ido ba.